Ba a Ambaton Suna a Taron Gwamnoni

Ni na fara gani. Duk wanda ya ce maka shi ya fara lura da abin da ake yi wa Keeley Cammish, ka ce masa Wilf Dowsey ya ce ƙarya yake. Yanzu ne kowa a Hawsby ya zama mai ido. A shagon burodi a ce, "Ai ni dama na yi zargi." A bakin coci a ce, "Ai ni dama jikina ya ba ni." Ina suke a safiyar nan ta watan Oktoba? Ni ina bakin tagar bayan gidana da kofin shayi, da idon nan da ya tsufa yana hango ƙanƙara cikin hazon tekun arewa. Jirgi ya nutse da ni, teku ta tauna ni ta tofar. A jarida manyan baƙaƙen sama kaɗai nake iya haɗawa, amma ban taɓa kuskuren karanta yanayi ba, na sama ko na fuskar mutum.

Abin da na gani bai taka kara ya karya ba. Yarinya ce tana shanya zanen gado a tsakar gidan maƙwabciyata. Sai ƙararrawar makaranta ta kaɗa, iska ta kawo ta har layinmu. Yarinyar ta tsaya cak da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga kan takalminta, har ƙarar ta mutu. Sannan ta ci gaba da shanya. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Keeley shekararta goma sha biyar, tana ajin ƙarshe, ajin da ake zana jarrabawar fita a watan Mayu. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama. Ubanta Neville shi ke da shagon soyayyen kifi da dankali na bakin teku, kuma shi ne shugaban gwamnonin makarantarta. Kada sunan ya ruɗe ka. Gwamnoni muke ce wa mutanen gari da ake naɗawa su sa ido a kan makaranta: mai shago, tsohuwar nas, wani uba, wata malama. A da su ne wuƙa su ne nama. Tun da aka haɗa makarantarmu da wasu da yawa ƙarƙashin ƙungiya guda mai hedikwata a birni, sai aka bar musu suna da kujeru.

Maƙwabciyar tawa ita ce Doreen, uwar Neville. Ɓarin jikinta ya shanye, Keeley ta dawo gidan da kwana. Bango ɗaya ya raba mu, bangon kuma ba ya riƙe sirri. Ta cikinsa maganar ta fara shigowa.

"Ba korar ki aka yi ba," in ji Neville, yana tsaye bakin ƙofar kicin da makullin mota a hannu. "Doka ta ba uba dama ya koyar da 'yarsa a gida. Je ki tambayi kowa."

"Wa zai koyar da ni? Kai?"

"Ki iya bakinki."

"Baba, lissafin da muke yi ko sunansa ba ka sani ba."

"Na san lissafin da ya sa miki takalmi a ƙafa. Ki saurare ni, Keeley. Makinki ya faɗi, kina barci a aji, hedimasta Mista Garbutt da kansa ya ce kin gaji. A gida kya huta, ki yi karatu a tsanake. Zuwa Kirsimeti kawai, kafin Kaka ta ji sauƙi."

"Ba za ta ji sauƙi ba. Likita ya faɗa."

"To so kike in kai uwata gidan tsofaffi? In bar baƙi suna juya ta kamar buhu?"

Daga ɗaki muryar Doreen ta fito, a karkace kamar bakinta. "Ni ina shekarunki na daɗe ina feɗe kifi a bakin tasha. Me ya same ni?"

Keeley ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi fo ɗin fitsarin Kaka da ke jiran wanki, ta ɗauke shi.

Neville ya ce ƙaunar uwa ce. Wataƙila. Amma yaro ma ya san in aka kai tsohuwa gidan tsofaffi, gidanta ake sayarwa a biya su, kuma Neville shi kaɗai ne magaji. Shi kuwa Mista Garbutt, hedimastan, na ga su biyu ran wata Lahadi suna tafiya a bakin teku, kai haɗe da kai, iska na kwashe maganar. Wa ya fara kawo shawarar? Ban sani ba. Na dai san ɗalibar da ta faɗi jarrabawa tana ja wa makaranta baya a jerin sakamakon makarantu da ake bugawa, hedikwata kuma ba ta son baya. Wadda ba ta cikin makaranta ba ta faɗuwa.

Kirsimeti ta zo ta wuce.

Safiyar Keeley ta Kaka ce. Ta ɗaga ta, ta wanke ta, ta canja shimfiɗa, ta ba ta shayi a cokali, rabi ya shiga rabi ya gangaro. Doreen ba ƙaramar mace ba ce, kuma ɓarin da ya mutu ya fi mai rai nauyi. Da farko yarinyar takan baza littattafai a teburin kicin da hantsi. Ba ta gama shafi sai an kira. "Keeley, filo ya zame." "Keeley, wa ya buga ƙofa?" Daga baya matar da ke taya Neville a shago ta bar aiki, bai nemi wata ba. Ya ce Keeley ta riƙe masa, na kwana biyu ne. Sai yamma ma ta zama ta shago: fere dankali cikin ruwan sanyi, tsoma kifi a ƙullu, zuba gishiri da ruwan tsami, naɗewa a takarda. Mai ya fallatsa mata a hannu har tabon ya daina ba ta mamaki. Ta fara tafiya da hannu ɗaya a ƙugu kamar mai jego.

Ƙawayenta sun riƙa leƙowa da farko, suna ba ta labarin aji. Wata rana ɗaya ta ce, "Kai, Keeley, gashinki warin mai yake," cikin wasa ta faɗa, amma daga ranar in ta hango su tafe sai ta shige ciki wajen dankali.

Ni ba na ganin abu in haɗiye. Na shiga shagon wata Juma'a, layi har waje.

"Neville, yau wane darasi aka yi? Na kifi ko na dankali?"

"Wilf, sayayya ka zo ko wa'azi?"

"Tambaya nake. An ce kai ne malaminta."

Ya yi dariya don mutane su gani, yana girgiza kwandon suya. "Kai da ba ka iya rubuta sunanka ba tare da ka fito da harshe ba, kai ne za ka koya min ilimi? Yarinyar nan tana koyon abin da babu a littafi. Ai ga ka, ka rayu."

"Na rayu, amma ka dubi yatsuna." Na ɗaga masa hannun da igiyar jirgi ta rage wa biyu. "Wannan ne karatun da babu a littafi."

Mutanen layi duk suka sami abin kallo a allon farashi. Haka muke a Hawsby. Gidan wani ba a shigarsa da baki.

Mutum ɗaya ce ba ta dubi allo ba: Misis Oldroyd, tsohuwar nas, wadda ta karɓi haihuwar rabin garin, ita ma tana cikin gwamnoni. Washegari ta zo gidan Doreen da sunan dubiya. Ta ga yadda Keeley ke tallabo tsohuwar, ta gyara mata tsayuwa, ta ce da gwiwa ake ɗagawa ba da baya ba. Sannan suka fito tsakar gida, gindin tagata.

"Misis Oldroyd, me gwamnoni ke yi?"

"Muna zama. Muna tambaya. Ana rubuta cewa mun tambaya."

"Za ku iya mayar da ni?"

Tsohuwar ta gyara jakarta a kafaɗa. "A da, 'yar nan, da na kira hedimasta na tsare shi da ido, gobe kina aji. Yanzu ko fenti za a canja wa ƙofa sai birni sun yarda. Amma muna da zama a watan Fabrairu, kuma mace za ta zo daga hedikwata."

"Ƙarshen watan ake rufe sunayen masu jarrabawa. In sunana bai shiga ba, shi ke nan."

"Na sani. Zan ɗaga hannu, na yi miki alkawari."

Keeley ta riƙe wannan alkawari kamar mai riƙe igiya a ruwa. Ta ciro littattafan daga ƙarƙashin kwandon wanki. Takan jingina ɗaya jikin tukunya tana dama wa Kaka abinci. Ta bango nakan ji ta tana maimaita wasu kalmomi masu tsawo, Doreen na cewa, "Da wa kike magana?"

To, akwai al'adar da Neville ya kafa tun da ya zama shugaba: duk zaman gwamnoni shagonsa ne ke ciyarwa. Kifi da dankali da zafinsu, kyauta. Shi yana alfahari da haka, su kuma sun saba. Ranar zaman Neville ya wuce makaranta da wuri cikin kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ya bar saƙo a kawo abincin in an soya. Babu kowa a shagon da zai kawo sai Keeley. Ko ya manta ne, ko kuwa ya saba da ganinta cikin rigar aiki har ya daina ganin komai, Allah ne masani.

Ta shiga ƙofar makarantar da kwali a ƙirji, yara sun tashi, mai shara na jan guga a baranda. Ta wuce ajinta ba ta waiwaya ba. A laburare suke, an haɗa tebura, ga Mista Garbutt, ga matar hedikwata da kwamfuta buɗe a gabanta, ga sauran. Ta tura ƙofa da kafaɗa daidai lokacin da Mista Garbutt ke cewa, "Sai batun yaran da iyayensu suka mayar da su karatu a gida. Bana huɗu ne."

Neville ya miƙe, ya gyara kwat. "Wannan batu ya shafe ni. Bisa ƙa'ida zan fita." Ya faɗa da murya irin ta mai gaskiya. Da ya zo wucewa ta gefenta ya ce ƙasa-ƙasa, "Ajiye ki tafi." Ya fita ya ja ƙofa, ya tsaya a baranda inda ake ganinsa ta gilashi.

Ba ta tafi ba. Ta fara raba ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, a hankali.

Misis Oldroyd ta ɗaga hannu. "Huɗun nan, wa ya je ya ga karatun da suke yi?"

"Tambaya mai kyau," in ji matar hedikwata, tana bugawa a kwamfuta. "Da zarar yaro ya fita daga rajista, ƙaramar hukuma ce ke bibiyarsa."

"Me ya sa duk a ajin ƙarshe suke? Me ya sa ba a fitar da masu ƙoƙari?"

Mista Garbutt ya buɗe ƙunshinsa. "Ba mu muke fitar da su ba, Misis Oldroyd. Zaɓin iyaye ne. Ni har roƙo nake yi."

"Ka roƙi Neville?"

Matar hedikwata ta ɗaga tafin hannu, da murmushi. "A yi haƙuri. Ba ma tattauna mutum ɗaya a nan. Aikin gwamnoni duba alƙaluma ne gaba ɗaya. Ba a ambaton sunan yaro ko na iyayensa a wannan zama. Don kare yaran aka yi dokar."

"Ni ce," in ji Keeley.

Duk suka ɗago. Wasu sai a lokacin suka gane fuskar da ke saman rigar aikin.

"Ni ce ɗaya daga cikin huɗun. Sunana Keeley Cam…"

"Tsaya, tsaya, 'yata," in ji matar, ta rufe kwamfutar rabi. "Kada ki faɗa. In kin faɗa ma ba za a rubuta ba."

"Ba na karatu a gida. Ba wanda ke koya min komai. Ina so in dawo in zana jarrabawa. Malam, ka san ni. Kai ka ba ni kyautar kimiyya a aji uku."

Mista Garbutt ya dubi dankalinsa. "Keeley, ƙofarmu a buɗe take. In mahaifinki ya nema a mayar da ke, za a duba."

"Ba zai nema ba."

"To ka ga," in ji wani mai gidan haya da ke cikinsu, yana magana da na kusa da shi, "wannan ai maganar cikin gida ce."

Misis Oldroyd ta buga tebur da tafi. "Yarinya tana tsaye a gabanmu! Mu ne mutanen gari. In ba mu ji ta ba, wa zai ji ta? Mutanen birni da ba su san hanyar Hawsby ba sai da taswira?"

Matar hedikwata ba ta yi fushi ba. Irinsu ba sa fushi. "Na fahimce ki ƙwarai. Amma ki duba. Da ɗalibarmu ce, ba za mu iya maganarta a nan ba, sai ta hanyar ƙorafi. Yanzu kuma ba ɗalibarmu ba ce, don haka ba huruminmu ba ne. Zan kai damuwarki hedikwata, za a lura da ita."

"Ba suna?" in ji Misis Oldroyd.

"Ba suna."

Keeley ta dubi fuskokin. Ta san su duka. Wannan ta sayar masa da kifi jiya, waccan 'yarta ajinsu ɗaya. Ta waiwaya, ga ubanta ta gilashi, hannu a aljihu, yana karanta zanen yara da aka liƙa a bango.

"A ci kada ya huce," in ji mai gidan hayar.

Suka ci. Misis Oldroyd ce kaɗai ta ture nata. Keeley ta ɗauki kwalin da babu komai ta fita, aka buɗe wa Neville ƙofa, ya koma kujerarsa, aka shiga batun gyaran filin wasa.

Da Misis Oldroyd ta ba ni labari, na ce tunda an ce ƙaramar hukuma, bari mu ga ƙaramar hukuma. Ni na buga musu waya. Ni, ba wani ba. Suka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan da kiɗa a kunne, ba su san da wanda ya kwana a kan katako cikin teku suke magana ba. Na gajiyar da su har suka ce za su turo mutum.

Amma kafin su turo sai da suka sanar da uban, suka tambaye shi ranar da ta yi masa daidai.

Ana gobe za a zo, Neville ya shigo da sababbin littattafan rubutu da fitilar tebur. Ya goge teburin kicin da hannunsa, abin da ban taɓa jin ya yi ba. Sannan ya zaunar da ita.

"Kin ba ni kunya a gaban mutane, na yafe. Gobe ki faɗi abin da kika ga dama. Amma ki sani, in kika ce ba kya karatu, za su tambayi me kike yi. In suka ji, ba ke za su ɗauka ba. Kaka za su ɗauka. Su sa ta a mota tana kuka, su kai ta inda za ta mutu cikin baƙi. Ke kika zaɓa, ba ni ba."

Bai rufe ƙofar ɗakin Doreen ba da yake faɗa. Na tabbata da gangan ne.

Mai binciken wata matashiya ce mai fara'a, ta zo da laima. Aka ba ta shayi da biskit. Ta ga fitila, ta ga littattafai. Doreen an yi mata kwalliya an zaunar da ita a keken guragu, hannunta mai rai na riƙe da gefen rigar Keeley, ba ta saki ba.

"To Keeley, yaya karatun gida?"

Hannun tsohuwar ya ƙara damƙa.

"Lafiya lau."

"Kina samun lokaci?"

"Ina samu."

"Akwai abin da kike so ki gaya min?"

"Babu."

Matashiyar ta yaba wa Neville, ta ce ba kowane uba ke ƙoƙari haka ba. Ta ce in ana so yarinya ta zana jarrabawa daga gida, uba ne zai nema mata gurbi ya biya. Neville ya ce yana kan bincike. Fabrairu ta ƙare yana kan bincike.

Daga nan na daina jin kalmomi masu tsawo ta bango. Sai ƙarar injin wanki, da "Keeley, filo ya zame."

Safiyar jarrabawar farko ta buga min ƙofa. Tana cikin yunifom ɗinta, rigar ta matse ta a kafaɗa, don ɗaga Doreen ya buɗe mata ƙirji kamar ɗan dako.

"Mista Dowsey, za ka zauna da Kaka na ɗan lokaci?"

"Ina za ki, 'yar nan? Kin san sunanki ba ya ciki."

"Na sani. So nake su faɗa min da bakinsu."

Na zauna da Doreen. Ni da na riƙe sitiyarin jirgi cikin guguwa, riƙe kofin tsohuwa ba zai gagare ni ba.

Yara sun yi layi a bakin babban ɗakin taro, kowa da alƙaluma cikin leda. Keeley ta shiga layin a gurbin da harafin sunanta ya saba faɗawa. Na gabanta da na bayanta suka matsa mata. Malamar da ke kiran suna ta kira na gabanta, ta tsallake, ta kira na bayanta. Layi ya zagaye ta ya shige kamar ruwa ya zagaye dutse. Ta leƙa ciki. Tebura a jere, kowanne da mai shi, babu ko ɗaya da ya rage.

Mista Garbutt ya zo da sauri, yana magana ƙasa-ƙasa. "Keeley, bai kamata ki shigo ba. Kin san baƙi sai sun bi ta ofis."

"Baƙuwa ce ni?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To faɗa min. Ka ce babu wurina."

Ya duba agogo. "Akwai kwalejin manya a birni. In kin ƙara girma za ki iya zanawa. Ba a makara da ilimi."

"Ka faɗa, Malam."

Bai faɗa ba. Ya ja ƙofar ɗakin a hankali don kada ta dami masu rubutu, ya tsaya a gabanta har ta juya.

Ta dawo ta same ni ina goge wa Doreen haɓa. Ta ce na gode. Ta hau sama, ta sauko cikin rigar aiki, ta durƙusa ta zare jiƙaƙƙen zanen daga ƙarƙashin kakarta. Doreen ta ce, "Ina kika je kika bar ni?" Ta ce, "Babu ko'ina, Kaka."

Bana makarantarmu ta hau sama a jerin da ake bugawa. An rataya ƙyallen taya murna a ƙofa, an zo daga birni an yi hoto, Mista Garbutt a tsakiya, Neville a damansa. An sake naɗa Neville shugaban gwamnoni, don an ce ya san gari. Misis Oldroyd kuwa wa'adinta ya ƙare, hedikwata ta gode mata da furanni, ta ce ana son sababbin jini. Damuwarta tana can birni, an lura da ita.

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba za ka kama kowa da laifi ba. Uba ya bi doka. Hedimasta ya bar ƙofa a buɗe. Shugaba ya fita da batu ya shafe shi. Gwamnoni ba su ambaci suna ba. Hukuma ta zo ta duba. Kowa ya yi daidai, yarinya kuma tana fere dankali. Mu a jirgi in mutum ya faɗa ruwa, sunansa ake fara kira da ƙarfi, kafin a nemi wanda aikin ceto ya rataya a wuyansa. Su gwamnoni an tara su ne don sun san yaran gari da sunayensu, sannan aka ce abu ɗaya da ba za su faɗa ba shi ne sunan. Sauran ukun ma 'ya'yan wasu ne. Har yau ban sami wanda zai gaya min su wane ne ba, amma ina nema, kuma ni ban taɓa jefa ƙugiya ta dawo wayam ba.

Na ji ana cewa Wilf ya tsufa, ya fara haɗa mafarki da gaskiya. Madalla. Zaman gwamnoni na gaba yana nan tafe, a laburare, kuma har yanzu shagon Neville ne ke ciyarwa. Duk mai cewa ƙarya nake, ya zo ya same ni a bakin ƙofar makaranta da yamma. Zan jingina da sandata, shi ya tsaya kusa da ni, mu ga wa za ta zo da kwalin. In ta iso, ya dubi hannuwanta, ya tambaye ta sunanta, sannan ya bi ta ciki ya faɗe shi da ƙarfi a gaban teburin nan. In ya iya, ni Wilf Dowsey zan cire hulata a tsakiyar Hawsby in ce na yi ƙarya.